An gama ciniki kafin talaka ya iso kasuwa

Jama'a, ga wani ɗan lissafi da ya kamata duk mai kishin dimokuraɗiyya ya riƙe shi a ka. Ranar 25 ga watan Fabrairu na 2023, lokacin da maƙwabtanmu na tarayyar Najeriya suka fita zaɓen shugaban ƙasa, sunayen mutum miliyon 93 da ɗoriya ne ke cikin kundin masu jefa ƙuri'a. Amma kusan wata tara kafin wannan rana, waɗanda suka taru a Abuja suka yanke wa manyan jam'iyyun ƙasar biyu, APC da PDP, mutumin da kowace za ta tsayar, wajen dubu 3 ne kacal. Wato mutum guda ya yi magana da bakin masu zaɓe sama da dubu 30, alhali ko ɗaya daga cikinsu bai nemi jin ra'ayinsa ba. Wannan taro shi ake kira zaɓen fidda gwani, mutanen nan kuwa su ne wakilai, waɗanda a can ake ce wa daliget. Abin da muke faɗi, kuma muna tsaye a kansa, shi ne cewa a wurin nan aka yi zaɓen gaskiya. Talakan da ya sha rana cikin layi a watan Fabrairu ya tarar kasuwa ta watse, an bar masa zaɓi tsakanin kayan da wasu suka riga suka taya, suka biya, suka ɗaure.

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Maraɗi ko Damagaram da rikicin cikin gidan jam'iyyun wata ƙasa? Ruwansa da tsaki. Wanda ke sayar da dabba a kasuwar kan iyaka yana karɓar naira, ya san abin da faɗuwarta ke yi wa aljihunsa. Mutanen Gidan Rumji da Madarumfa, da suka karɓi dubban ƴan gudun hijira daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina tun daga 2019, sun san cewa harsashin da aka harba a can yana iya tashin gari a nan. Kuma mutumin da ya ci zaɓen fidda gwani na APC a watan Yuni na 2022, Bola Ahmed Tinubu, shi ne ya tsaya ranar rantsar da shi, 29 ga watan Mayu na 2023, ya ce tallafin man fetur ya ƙare, kuɗin lita ya kusa ninka sau uku, ƴan ruwa-ruwa na bakin hanyoyinmu suka ji a jikinsu tun kafin mako ya zagayo. Shi ne kuma ke shugabancin ƙungiyar CEDEAO lokacin da aka rufe iyaka aka yanke wutar lantarki bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli na 2023, iyakar da ba a sake buɗewa ba sai cikin watan Maris na 2024. Kowa na da ra'ayinsa a kan waɗannan matakai, amma ba mai musun cewa ƙuri'un wakilai 1271 da aka ƙirga a filin Eagle Square sun iso har cikin tukunyar matan Ƙonni. Don haka muna da hakkin tambaya: yaya aka yi waɗannan ƙuri'u suka samu?

Ƙofar shiga

Mu fara da kuɗin ƙofa. Jam'iyyar APC ta sa takardar neman tsayawa takarar shugaban ƙasa naira miliyon 100, wato sama da sefa miliyon 100 a canjin lokacin. PDP ta sa tata miliyon 40. A wannan shekara albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yanke wa ma'aikaci naira dubu 30 ne a wata. Ku ɗauki alƙalami: ma'aikacin da bai ci ba, bai sha ba, bai sai wa iyalinsa ko ƙwayar gero ba, sai ya yi shekara 277 yana tarawa kafin ya sayi takardar APC, ko shekara 111 kafin ya sayi ta PDP. Wani abin al'ajabi kuma, albashi da alawus da ke rubuce na shi kansa shugaban ƙasa a lokacin bai kai naira miliyon 15 a shekara ba. In an haɗa na shekara huɗu bai biya kuɗin takardar ba. To ɗan kasuwar da ya zuba jarin da ya fi ƙarfin ribar da ke rubuce, ina yake sa ran fanshewa? Ruwa ba ya tsami banza.

Duk da haka fiye da mutum 20 suka sayi takardar ta APC, kuma da yawansu suka ce wai ba su suka saya ba, masoya ne suka yi karo-karo. Nan ne wasan ya zama abin dariya mai sa hawaye. Aka wayi gari wata ƙungiya da ke magana da sunan manoman shinkafa tana cikin waɗanda suka sai wa gwamnan babban bankin ƙasa na lokacin, Godwin Emefiele, takarda, alhali yana bisa kujerar da ke riƙe da darajar naira. Wasu kuma da suka ce su wakilan makiyaya ne da almajirai suka sai wa tsohon shugaba Goodluck Jonathan, shi kuwa ya ce ba da yawunsa aka yi ba. Almajiri da ƙoƙon bara, shi ne ya tara miliyon 100! Talakan da ba a tambayi ra'ayinsa ba, an ari sunansa an lulluɓe kuɗin masu kuɗi da shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ke damun mutane, da abin da ake faɗi a zaure

Yanzu mu dubi halin da ƙasar take ciki a cikin makonnin da ake wannan hada-hada. Jami'o'in gwamnati a rufe suke tun ranar 14 ga watan Fabrairu na 2022 saboda yajin aikin ƙungiyar malamai ta ASUU, kuma ba su buɗe ba sai tsakiyar watan Oktoba: wata takwas ɗalibai na zaune gida. Ranar 28 ga watan Maris ƴan bindiga suka tare jirgin ƙasa tsakanin Abuja da Kaduna, suka kashe mutane, suka kwashi sama da 60 zuwa daji, na ƙarshensu ba su ga gida ba sai farkon Oktoba. Hauhawar farashi ta haura kashi 17 cikin 100 a watan Mayu. Ranar Lahadi 5 ga watan Yuni, ana jajibirin buɗe taron APC, aka shiga wata majami'a a garin Owo ta jihar Ondo aka kashe masu ibada wajen 40. A ƙarshen wannan shekara hukumar ƙididdiga ta ƙasar da kanta ta ce mutum miliyon 133 ke cikin talauci ta fuskoki da dama. Tsaro, karatu, abinci: ko yaro aka tsayar a kasuwar Jibiya zai lissafa su.

Su kuwa masu neman kujera fa? Ƙaramin ministan ilimi, Chukwuemeka Nwajiuba, yana cikin na farko-farko da aka ji sun mallaki takardar miliyon 100, a daidai lokacin da gwamnatinsa ke cewa ba ta da kuɗin biyan buƙatun malaman jami'a. Ƙuri'a ɗaya ya samu. Ministan ƙwadago, Chris Ngige, wanda sulhun yajin aikin ke hannunsa, shi ma ya fito ya ce yana so, kafin daga baya ya janye. Ministan sufuri, Rotimi Amaechi, wanda mutanen Maraɗi suka sani da maganar layin dogo daga Kano, ya ƙaddamar da takararsa a filin ƙwallo na Fatakwal ranar 9 ga watan Afrilu, har ya zagaya filin da gudu don a ga ƙarfin jikinsa, kwana 12 bayan harin jirgin, fasinjojinsa suna hannun ƴan bindiga. Ba mu ce waɗannan mutane ba su da zuciya ba. Mun ce tsarin da suke takara a cikinsa bai tilasta masu kunyar talaka ba, domin ba talaka ne zai jefa ƙuri'ar da suke nema ba.

Abin da ya cika bakin ƴan siyasa a watannin nan tambaya ɗaya ce: layin wa ne? Kudu ko Arewa? PDP ta yi watsi da tsarin karɓa-karɓa ta ce kowa ya fito. A APC, shugaban jam'iyya Abdullahi Adamu ya sanar da sunan shugaban majalisar dattawa Ahmad Lawan a matsayin ɗan takarar maslaha, gwamnonin Arewa na jam'iyyar suka ce ba su yarda ba, mulki ya koma Kudu. Shi kuma Tinubu, a garin Abeokuta a farkon Yuni, ya faɗi kalmarsa ta Yarbanci da ta zagaye ƙasa, “emi lokan”, wato yanzu layina ne. Ba mu raina maganar karɓa-karɓa ba. Ƙasar da ta yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970 tana da dalilin kula da kada wani ɓangare ya ga an mai da shi saniyar ware. Amma in an gama raba kujera tsakanin shiyyoyi, sai a yi me da ita? Wannan tambaya ta biyu ita ce ba ta sami wurin zama ba. Ƴan mintoci aka ba kowane ɗan takara ya yi jawabi, cikin dare, gaban wakilan da suka riga suka san inda za su dangwala.

Daren ciniki

Ranar 28 ga watan Mayu, a filin wasa na Moshood Abiola da ke Abuja, wakilan PDP da ba su kai 800 ba suka yi nasu. Ana dab da fara jefa ƙuri'a gwamnan Sakkwato na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya hau dandamali ya ce ya janye, mutanensa su bi Atiku Abubakar. Atiku ya sami 371, gwamnan Ribas Nyesom Wike 237, Bukola Saraki 70. Tazarar da ta raba na ɗaya da na biyu ƙuri'a 134 ce, ba su cika motocin safa uku ba. A taron APC, daga 6 zuwa 8 ga watan Yuni, mutum bakwai suka janye wa Tinubu ɗaya bayan ɗaya. Ya tashi da 1271, Amaechi 316, mataimakin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo 235, Lawan 152. Fasto Tunde Bakare, bayan miliyon 100, ko ƙuri'a ɗaya bai gani ba.

Me ya faru a ɗakunan otal-otal na Abuja cikin waɗannan kwanaki? Ba mu riƙe wa kowa jaka ba, kuma ba za mu ɗora wa wani mutum laifin da kotu ba ta ɗora masa ba. Amma jaridun ƙasar sun cika da labarin rabon dalar Amurka, har jami'an hukumar EFCC mai yaƙi da almundahana suka bayyana a wurin taro. Ɗaya daga cikin masu neman takarar PDP, Mohammed Hayatu-Deen, ya janye ana dab da farawa, ya ce kuɗi sun mamaye al'amarin har abin ya zama ƙazanta. A jihar Kaduna an ba da labarin wani mai neman kujerar majalisa da ya faɗi, ya aika wa wakilai su maido masa da abin da ya ba su. Ku lura da kyau: bai ji kunyar tambaya ba, su ma ba su ga abin mamaki ba, domin kowa ya san ciniki aka yi, kuma kaya ba su iso ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Kada mu tsaya zagin wakili. Sau da yawa shi ma ƙaramin mutum ne, gwamna ko uban gidansa ya sa sunansa cikin jeri, ya san in an rantsar da wanda ya zaɓa ba zai ƙara ganinsa ba sai a talabijin, don haka yake cewa gara ya karɓi rabonsa tun da zafi. Laifin na tsari ne. A shekarar 2022 dokar zaɓe ta fitar da wakilai na dindindin, wato masu riƙe da muƙamai da tsofaffinsu, daga cikin masu jefa ƙuri'a. Majalisa ta yi gyara a watan Mayu, shugaba Muhammadu Buhari bai sa hannu ba. Sai ya zama wakili ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma a PDP, uku a APC, a ƙasa mai ƙananan hukumomi 774. Duk lokacin da masu sayarwa suka ragu, mai saye ya huta: ya san sunansu, ya san masauƙinsu, ya san wanda ke riƙe da igiyarsu. Wanda ya mallaki gwamnoni goma ya mallaki taro.

Ku dubi kuma yadda aka raba ganima. Godswill Akpabio, na farkon waɗanda suka janye a daren, ya zama shugaban majalisar dattawa a 2023. Badaru Abubakar na Jigawa, wanda shi ma ya janye, aka ba shi ministan tsaro a wannan shekara. Wike, da ya sha kaye a PDP ya juya wa ɗan takarar jam'iyyarsa baya, ya tashi da ministan Abuja a gwamnatin APC. Mai yiwuwa kowannensu ya cancanta. Amma ɗalibin da ya rasa wata takwas na karatunsa, wace kujera aka ba shi?

Masu kare wannan tsari

Suna da hujjoji, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji su ba. Na farko suna cewa ai ba a ɗaure kowa ba: Peter Obi ya bar PDP kwana kaɗan kafin taro ya koma jam'iyyar Labour, ya sami ƙuri'a sama da miliyon 6, har ya kayar da Tinubu a Legas, Rabi'u Musa Kwankwaso ya tsaya a NNPP ya ci Kano. Gaskiya ne. Amma wannan hujja tamu ce, ba tasu ba. Mutumin da miliyon 6 suka bi ya ga ba shi da wurin tsayawa gaban wakilai 800, sai da ya fice. Wace shaida ta fi wannan nuna cewa zauren wakilai da zuciyar jama'a sun raba hanya? Sannan su biyun ma ba wata fafatawa suka yi ba a sababbin gidajensu: an share masu fili ne aka miƙa masu tuta.

Na biyu suna cewa zaɓen ƙato-bayan-ƙato, inda duk ɗan jam'iyya ke jefa ƙuri'a, yana da tsada kuma shi ma ana murɗe shi. Irin dalilan da Buhari ya bayar ke nan a watan Disamba na 2021, da ya ƙi sa hannu kan dokar da za ta wajabta shi. Nan ma akwai ƙamshin gaskiya. A 2018 APC ta yi irin wannan zaɓe, Buhari shi kaɗai ke takara, aka sanar ya sami ƙuri'a miliyon 14 da dubu 800 da ɗoriya, kusan daidai da abin da ya samu daga ƙasa baki ɗaya a babban zaɓen 2019. Wa ya ƙirga su? A ina? Haka kuma a 1992 Janar Ibrahim Babangida ya fake da maguɗin da aka yi a zaɓen fidda gwani na SDP da NRC ya soke shi, ya haramta wa mutum 23 takara, cikinsu har da Shehu Musa Ƴar'aduwa da Adamu Ciroma, ya ƙara wa kansa wa'adi. Darasin da ke nan babba ne: jam'iyyar da ta ƙazantar da gidanta ita ke miƙa wa mai bindiga hujja. Amma don rijiya ta gurɓace ba a cewa a koma shan kududdufi. Yasarta ake yi.

Yasar kuwa ba ta tsaya ga sauya sunan tsari ba. A kira shi na wakilai, a kira shi na ƙato-bayan-ƙato, a kira shi maslaha: muddin kundin sunayen ƴan jam'iyya yana cikin aljihun gwamna, muddin mutum ɗaya ke biyan hayar ofishi da man motoci da abincin taro, to jam'iyya gonarsa ce, kuma mai gona shi ke cewa abin da za a shuka. Abin da ake buƙata a bayyane yake. Kundin ƴan jam'iyya ya kasance a buɗe, a ajiye shi hannun hukumar zaɓe watanni kafin a fara. Kowane ɗan jam'iyya ya biya kuɗin katinsa da guminsa, komai ƙanƙantarsu, domin wanda ya biya shi ke da bakin tambaya. A sa wa kuɗin takarda iyaka daidai da abin da malamin makaranta ko likita zai iya tarawa da taimakon abokansa. Dokar 2022 ta ce mai neman shugabancin ƙasa kada ya kashe fiye da naira miliyar 5 wajen yaƙin zaɓe. Iyakar da ba a bin diddiginta tun daga zauren fidda gwani ado ce kawai. Sannan a tilasta wa masu neman tuta su zauna gaban jama'a, da rana tsaka, a rediyo, cikin harsunan da mutane ke ji, su amsa tambayar manomi da ta ɗalibi.

Kada wani ya ce wannan mafarki ne a ƙasar Hausa. NEPU da aka kafa a Kano a 1950, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta, da kuɗin katin teloli da mahauta da ƴan koli ta rayu, duk da ɗauri da bulala. Magajiyarta PRP ta ci gwamnan Kano da na Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, gaban jam'iyyar masu hannu da shuni. Abin da kakanni suka yi bisa keke ba zai gagari jikoki masu wayar salula ba.

Sakamakon kasuwar wakilai kuwa ya fito a fili ranar babban zaɓe. Cikin miliyon 93, waɗanda suka fita ba su kai kashi 27 cikin 100 ba, adadi mafi ƙanƙanta a zaɓen shugaban ƙasa tun komawa mulkin farar hula a 1999. Wanda ya ci ya sami ƙuri'a miliyon 8 da dubu 800 ba kaɗan, wato bai kai mutum ɗaya cikin goma na masu rajista ba. Akwai ƙarancin takardun naira da na mai a lokacin, ba mu manta ba. Amma mutumin da ya san an gama ciniki tun bara, da wace zuciya zai taka sayyada zuwa rumfar zaɓe?

Mu kuma nan gida kada mu yi dariya. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A shekaru talatin da ƴan kai na jam'iyyu barkatai a Nijar, ɗan takara kusan kullum shi ne mai jam'iyya, kuma duk ranar da aka sami biyu masu so, sai gida ya rabe. Bayan babban taron MNSD na 1991 da ya ba Tandja Mamadu shugabanci, Mumuni Adamu Jarmakwai ya fita ya kafa ANDP. Hama Amadu da mutanensa suka fita a 2009, Albade Abuba a 2015. Mahamman Usman, wanda ya ci zaɓen 1993 da tutar CDS, sai da ya ari tutar wata jam'iyya a 2016. An rusa jam'iyyun duka a watan Maris na 2025. Duk ranar da aka koma gina wasu, tambayar farko da ya kamata talaka ya yi wa mai miƙo masa kati ita ce: ranar fidda ɗan takara, ni za a tambaya, ko kuwa za a kira ni ne in yi tafi? In amsar ba ta fito sarai ba, ya mai da hannunsa aljihu. Tun ran gini ran zane.